Yadda Aka Faro Kare Zaɓen Najeriya daga Masu Kutse

Kafin na'ura ta shiga harkar zaɓe a Najeriya, da hannu ake maguɗi: a sace akwati, a shige ɗaki a dangwale ƙuri'u, ko a sauya alƙaluma tsakanin rumfar zaɓe da wurin tattara sakamako. Don toshe waɗannan kafofi ne hukumar INEC, mai hedikwata a unguwar Maitama a Abuja, ta rungumi kwamfuta. A 2011, zamanin Farfesa Attahiru Jega, ta sake rajistar masu zaɓe da hoto da zanen yatsa, a 2015 kuma ta fito da na'urar tantance kati. Daga nan ɓarawon akwati ya sami ƙane, wato mai kutse.

Ranar 28 ga Maris 2015, jama'a na kan layin zaɓen shugaban ƙasa, wasu da suka kira kansu Nigerian Cyber Army suka kutsa shafin INEC na intanet suka manna saƙonsu. Ko ƙuri'a ɗaya ba ta salwanta ba, domin a takarda sakamako yake tafiya, amma abin ya zama hannunka-mai-sanda. A watan Mayun shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana laifukan intanet, wadda ta ɗora jagorancin aikin a wuyan ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A ƙarƙashin ofishin ne cibiyar ngCERT take, mai sa ido kan hare-hare da gargaɗin hukumomi.

Babban sauyi ya zo da shafin duba sakamako na IReV a Agustan 2020, sai na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a 2021. In an gama ƙirga a rumfa, jami'i ya cike takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ya ɗauki hotonta da BVAS ya tura shafin, duk mai waya ya duba daga inda yake. Mazauna Abuja sun ɗanɗani na'urar a zaɓen ƙananan hukumomi shida na Fabrairun 2022, inda a rumfuna da dama ta yi gardama, ta ƙi gane yatsa, ta ƙi gane fuska. A shekarar ne kuma shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana cewa an yi ta ƙoƙarin kutsa IReV lokacin zaɓen gwamnonin Ekiti da Osun, har daga nahiyar Asiya, ba a yi nasara ba.

Gab da zaɓen 2023 gwamnati ta kafa kwamitin tsaron intanet da ya haɗa hukumomin NITDA da NCC da kamfanin Galaxy Backbone. Ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce an daƙile hare-hare kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa, kusan miliyan 7 a ranar 25 ga Fabrairu kaɗai. Adadi ne mai tayar da hankali, ko da yake akasarin irin wannan ƙirge laluben na'urori ne masu ƙwanƙwasa kowace ƙofa ko za su dace.

Ɓarnar da aka gani ranar kuwa daga cikin gida ta fito. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa IReV, na shugaban ƙasa ya ƙi, har dare. INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, ba kutse ba. A zauren tattara sakamako da ke Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa a Abuja, wakilan jam'iyyun PDP da LP suka fice cikin fushi. Abin da masu kutse suka kasa, wato zubar da yardar jama'a, tangarɗar yini guda ta yi shi. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa IReV wurin kallon sakamako ne kawai, ba wurin tattara shi ba.

A 2024 aka gyara dokar 2015, Shugaba Bola Tinubu kuma ya ayyana turakun sadarwa da wayoyin intanet na ƙarƙashin ƙasa da rumbunan bayanai a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. Harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da aka so a riƙa cira daga kuɗin da ake turawa ta banki, don ɗaukar nauyin wannan tsaro, bai je ko'ina ba: jama'a suka yi ca, aka dakatar da shi a watan Mayun shekarar.