Ba takunkumin mai kaɗai ya kashe GTO ba

Duk lokacin da aka tado hirar motocin Amurka na da, masu ƙaton inji mai silinda takwas, sai in ji an ce takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ne ya binne su. Ni ban yarda ba. Kafin takunkumin ya zo, sun riga sun kwanta ciwo.

Da wayo aka faro abin. A 1963 kamfanin General Motors ya janye daga tseren motoci, kuma yana da doka cewa kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5,4. Sai John DeLorean da abokan aikinsa na reshen Pontiac suka ɗauko injin lita 6,4 na manyan motoci, suka cusa shi cikin Tempest LeMans. Don kada shugabanni su hana, ba su kira ta sabuwar mota ba. Suka ce ƙari ne kawai da mai saye zai zaɓa, ya biya kusan dala 300. Ko sunan GTO ɗin ma daga Ferrari aka aro shi.

Da wannan kuɗi mutum zai samu ƙarfin doki 325 da salansa biyu. In ya ƙara kuɗi aka ɗora masa kafireto uku, ƙarfin ya kai 348. Wanda ya san Starlet ɗin taksin Yamai mai lita 1,3, ya ninka injinta kusan sau biyar. An yi hasashen sayar da dubu 5 a 1964, sai aka sayar da fiye da dubu 32. Galan na mai a lokacin bai wuce kusan santi 30 ba, wa zai damu da shan mai?

Nan fa gasa ta kaure. Chrysler ya fito da injin Hemi mai lita 7 a motocin titi a 1966, a 1970 kuma Chevelle SS ta zo da lita 7,4 da ƙarfin doki 450.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne birki. GTO ta farko ta fito da ƙananan birkin ganga a ƙafafu huɗu, irin na Tempest mai ƙaramin inji. An ƙara gudu, ba a ƙara abin tsayawa ba, sannan aka miƙa makulli ga samari. Kamfanonin inshora su ne suka fara ganin sakamako, suka tsawwala kuɗi ga matasa masu irin waɗannan motoci, har ciniki ya soma ja da baya.

Sai ga dokar tsabtace iska ta 1970. Daga 1971 General Motors ya rage matsin injinansa don su iya shan mai maras dalma, ƙarfi ya ragu. A shekarar ce kuma Chrysler ya daina sa Hemi a motocin titi, shekara biyu kafin kowa ya tsaya dogon layi a gidan mai.

GTO da aka sayar da kusan dubu 97 a 1966, a 1974 ta koma ƙari a kan ƙaramar mota Ventura, da ƙarfin doki 200. Kusan dubu 7 aka saya, Pontiac ya cire sunan.