Daga Tsani Zuwa Raga: Tarihin Aikin Zazzagowar Mahaifa

Maƙalar wannan makon a kan lalurar da mata ke ɓoyewa ce saboda kunya: zazzagowar mahaifa, wato jijiyoyin da ke riƙe da ita su saki, galibi bayan yawan haihuwa, har ta sauko, wani lokacin tare da mafitsara.

Tsohon ciwo ne. A littattafan Girkawa da ake danganta wa Hippocrates, akan ɗaure mace jikin tsani, kai ƙasa, a yi ta jijjiga ta wai mahaifar ta koma mazauninta. Wasu kuma rabin rumman suke turawa su tokare ta. Wannan dabarar ba ta mutu ba, zoben robar da likitoci ke sakawa yau jikanta ne.

Tiyata ta kankama a ƙarni na 19, kuma kowane aiki da abin da yake karɓa a hannun mace. A 1877 Léon Le Fort na Faransa ya fito da ɗinke gaban a rufe. Yana magani, har gobe ana yi wa dattijai, amma bayansa babu sauran kwanciyar aure. A 1888 Archibald Donald na Manchester ya fara yanke bakin mahaifa ya ɗaure jijiyoyin. Mahaifa ta tsira, sai dai cikin da zai biyo baya yana iya zubewa.

Wanda ya fi ba ni takaici na zamaninmu ne. A 2002 hukumar FDA ta Amurka ta amince a riƙa dasa ragar roba ta gaba, irin wadda ake aikin ƙaba da ita. Ba a nemi a fara gwada ta a kan mata ba, hujjar kawai ta yi kama da abin da ke kasuwa. Sai ragar ta riƙa huda nama, ga ciwo mai naci, kuma cire ta ya fi saka ta wuya, domin nama ya riga ya saƙe da ita. Hukumar ta yi gargaɗi a 2008, ta ƙara a 2011, amma sai a Afrilun 2019 ta hana sayar da ita, shekara 17 ke nan. Hanin bai shafi ragar da ake sakawa idan an buɗe ciki ba, ita har yanzu ana aiki da ita.