Super Falcons: Kofi Goma da Bashin Ladan Wasa

A watan Oktoban 1998 aka fara tara ƙasashen Afirka wuri guda domin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta mata. Najeriya ce ta karɓi baƙunci, aka buga wasannin a Kaduna da Abeokuta. Abin da 'yan matan Super Falcons suka yi wa baƙinsu a wannan gasa ya fi kama da horo. Maroko ta sha ci 8 da nema. Kongo da Masar da Kamaru kowacce ta kwashi shida-shida. Ghana ce kaɗai ta ɗan tirje a wasan ƙarshe, ita ma da biyu ta koma gida. Ƙwallo 28 a wasa biyar, ba a zura musu ko ɗaya ba.

Mai karatu ya riƙe sunan Maroko, don za ta dawo.

Kocin da ya jagoranci wannan aika-aika mutumin Jos ne, Ismaila Mabo, tsohon ɗan wasan bayan Mighty Jets. Ya tarar da ƙungiya mai ɗanyen jini. Shekara bakwai kacal kafin nan, a 1991, ta buga wasanta na farko, inda ta doke Ghana da ci 5 da 1 a Legas. 'Yan wasan ba daga wata makarantar horarwa ta gwamnati suka fito ba. Ƙungiyoyin da wasu masu sha'awa suka kafa da kuɗin aljihunsu, irin su Jegede Babes ta Legas da Ufuoma Babes ta Warri, su ne suka rene su, a zamanin da iyaye da yawa ke ganin yarinya mai bin ƙwallo ta ɗauki hanyar lalacewa.

Fitarsu ta farko duniya ba ta yi daɗi ba. A gasar cin kofin duniya ta 1991 a ƙasar Sin, Jamus ta ba su huɗu, Italiya ɗaya, Taiwan biyu, suka dawo ba su ga ragar kowa ba. A Sweden a 1995, Norway ta yi musu irin abin da za su yi wa Maroko daga baya, wato takwas cif.

Sai 1999 a Amurka, shekarar da har yau tsofaffin masu kallo ke auna kowace tawaga da ita. Sun doke Koriya ta Arewa da ci 2 da 1. A Chicago suka tsokano tsuliyar dodo: Nkiru Okosieme ta zura wa masu masauki ƙwallo minti biyu da take wasa, Amurkawa suka fusata suka rama da bakwai. Wata ƙungiyar da nan za ta karaya. Su kuwa suka karkaɗe jiki suka ba Denmark biyu da nema, suka shiga sahun ƙasashe takwas na ƙarshe, inda Brazil ke jiransu.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci Brazil ta ci uku. Da aka dawo, Prisca Emeafu ta farke ɗaya, Okosieme ta ƙara, ana saura minti biyar a tashi Nkechi Egbe ta cike ta uku. Jim kaɗan alƙaliya ta kori Patience Avre, suka shiga ƙarin lokaci su goma. A wancan zamani doka ita ce duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ke nan, wasa ya ƙare. Sissi ta Brazil ta ajiye ƙwallo domin bugun tazara, ta murɗa ta ta wuce katanga ta faɗa raga. Har yau Najeriya ba ta sake kai wannan mataki a gasar duniya ba, duk da cewa ba a taɓa yin gasar babu ita ba, sau tara ke nan daga 1991 zuwa 2023.

A gida Afirka kuwa kofi ya zama kamar gadon gidansu. Sun ɗauka a 2000 a Afirka ta Kudu, a wasan da bai ma kai ƙarshe ba saboda 'yan kallo sun fara jifa da aka zura wa tawagarsu ƙwallo ta biyu. Sun ɗauka a 2002 da 2004 da 2006. Zamanin Mercy Akide da Florence Omagbemi ya miƙa wa na Perpetua Nkwocha, wadda ita kaɗai ta ci huɗu daga cikin biyar ɗin da aka zura wa Kamaru a wasan ƙarshe na 2004. Equatorial Guinea ta ƙwace kofin sau biyu, a 2008 da 2012, duk a gidanta, amma Falcons suka karɓe shi a 2010, sannan suka jera 2014 da 2016 da 2018.

Sai dai wanda ya tsaya ga lissafin kofuna bai ji rabin labarin ba. Wannan ƙungiya ta fi shan wuya a hannun masu riƙe da kuɗinta fiye da yadda ta sha a hannun abokan karawa. Bayan nasarar 2004, 'yan wasan suka ƙi barin otal ɗinsu a Afirka ta Kudu, suka ce sai an biya su ladan wasa. Shekara goma sha biyu bayan haka aka maimaita. A Disambar 2016 sun je har Yawunde sun doke Kamaru a gaban jama'arta da ƙwallon da Desire Oparanozie ta ci, ƙarƙashin Omagbemi wadda ta ɗaga kofin tana kyaftin ta kuma ɗaga shi tana koci. Da suka sauka Abuja suka yi zaman dirshan a otal kusan mako biyu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka ɗauki kwalaye suka nufi Majalisar Tarayya, a ranar da Shugaba Muhammadu Buhari zai gabatar da kasafin kuɗi. Zakarun Afirka ne a bakin ƙofa, suna roƙon haƙƙin guminsu. Sai a lokacin kuɗi ya fito.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Shekarar 2017 ta shiga ta fita ba a shirya musu wasa ko ɗaya ba. A Afrilun 2018, Faransa ta zuba musu takwas. A 2019, bayan Jamus ta fitar da su daga gasar duniya, nan ma suka ƙi fita daga otal a kan tsofaffin basussuka.

Suna wannan tirka-tirka, wasu na gini. Afirka ta Kudu ta daɗe tana matsowa. Maroko ta zuba kuɗi a filayen horo da gasar cikin gida ta mata. A 2022 ta karɓi baƙuncin gasar, ta haɗu da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe a Rabat, 'yan kallo sama da 45,000 sun cika fili. Aka ba Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, jan kati. Aka ƙara ba Rasheedat Ajibade. Su tara suka riƙe wasa kunnen doki har ƙarshen ƙarin lokaci, suka faɗi a bugun fenareti. Ƙasar da aka yi wa takwas ta rama. Ko a can ma sai da suka ƙaurace wa atisaye kan kuɗi, kafin Zambiya ta hana su matsayi na uku.

Gasar duniya ta 2023 ta ɗan wanke musu fuska. Chiamaka Nnadozie ta tare fenaretin Christine Sinclair ta Kanada. Suka doke Ostareliya mai masauki da ci 3 da 2, Asisat Oshoala, wadda sau shida tana zama gwarzuwar Afirka, ta ci ta ukun. Ingila ba ta iya cin su ba a minti 120, sai a bugun fenareti. Onome Ebi ta halarci gasar duniya ta shida a rayuwarta.

Ranar 26 ga Yulin 2025 aka koma Rabat, wasan ƙarshe, Maroko ce dai. A bencinta ga Jorge Vilda, wanda ya ci wa Sifaniya kofin duniya. A na Najeriya ga Justin Madugu, mutumin Adamawa. Kafin minti 25 Ghizlane Chebbak da Sanaa Mssoudy sun ci biyu, fili ya ɗauki sowa. Bayan hutu Esther Okoronkwo ta ci fenareti. Ba a daɗe ba ta kutsa cikin da'ira ta miƙa wa Folashade Ijamilusi, ta farke ta biyu. Alƙaliya ta ba Maroko fenareti, ta je ta duba na'urar bidiyo, ta dawo ta soke. Ana saura minti biyu a tashi Okoronkwo ta ɗago bugun tazara, Jennifer Echegini ta sa ƙafa. Uku da biyu. Ajibade, wadda aka kora daga fili a wannan birni shekara uku kafin nan, ita ta ɗaga kofi na goma, Ayinde na cikin tawagar.

Kwana biyu bayan haka suka shiga fadar shugaban ƙasa a Abuja, ba kwalaye a hannunsu. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da lambar girma ta OON ga kowace 'yar wasa, da gida mai ɗaki uku, da kwatankwacin dala 100,000. Ismaila Mabo bai ga wannan rana ba. Ya rasu a watan Maris na 2023.