Labulen Inna da Tarihin Keken Ɗinki

A gidanmu na Damagaram, abu na farko da Inna ke ba mai koyon ɗinki shi ne labule. Za ta sa yarinya ta auna faɗin ƙofa, ta yanki yadi ninki biyu na wannan awo domin ya samu tattara, ta kalmashe gefe da ƙasa, sannan ta bar hanya a sama inda igiya za ta bi. Babu wuya, babu hannu, babu aljihu: miƙaƙƙen layi ne kawai. Wadda ta iya tafiyar da shi ba karkata, to ƙafarta da hannunta sun san keke.

Wannan baƙin keke da ake takawa da ƙafa ya sha gwagwarmaya kafin ya iso ɗakunan iyayenmu. A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar keken da ya ƙera da katako, ya kuma buɗe masana'anta a birnin Paris mai kekuna kusan 80, ana ɗinka kayan soja. Shekara na zagayowa teloli suka far wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron kada abincinsu ya ƙare. Thimonnier ya rasu a 1857 cikin talauci.

A Amurka ne al'amarin ya kankama. Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, mai aiki da zare biyu: na sama yana bin allurar da kafarta ke kusa da tsini, na ƙasa yana fitowa daga ɗan kwarkwaro, su sarƙe a tsakiyar yadi. Shi ya sa ɗinkin keke ba ya warwarewa da an ja zare ɗaya. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa wanda ya fi sauƙin aiki. Howe ya kai shi kotu, ya kuma yi nasara a 1854.

Sai dai ƙira kaɗai ba ta kai keke gidan talaka ba, domin kuɗinsa ya haura dala 100. A 1856 abokin kasuwancin Singer, lauya Edward Clark, ya ɓullo da biya kaɗan-kaɗan: mace ta ba da wani abu, ta ɗauki keke, ta riƙa biyan sauran daga abin da ta ɗinka. Daga nan kasuwa ta buɗe. Babbar masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotland ta yi ta aika kekuna sassan duniya har aka rufe ta a 1980. A kasuwanninmu kuma Butterfly ta ƙasar Sin ta samu karɓuwa saboda rahusa.

Kafin yadi ya wadata, asabari da tufaniya ne ke tsare ƙofar ɗaki. Da keke ya shigo, labule ya zama cikon jeren amarya, ya kuma zama sana'ar matan da ba sa fita kasuwa. Keke ba ya jiran wutar lantarki, ɗigon mai da allura kawai yake nema. Da kuɗin labule da zanen gado Inna ta zuba adashi, ta saya mana littattafan makaranta.

Yau labulen kanti ya cika kasuwa, da zobbansa da komai, kekuna da yawa sun koma teburin ajiye kwanuka. Tsoron telolin Paris ya dawo a wata kama. Amma su sun ɗauka keke zai kashe sana'a, sai ga shi ya ciyar da miliyoyin teloli. Ƙofofinmu ba awo ɗaya gare su ba, na kanti kuwa ko ya ɗage ko ya share ƙasa. Wadda ke da keke a lungu, ta kakkaɓe shi ta zuba masa mai, ta kira 'yarta ta miƙa mata abin awo.