Ƙarfen Da Ya Taurara Shi Kaɗai

Maƙeranmu sun daɗe da sanin cewa idan aka gasa bakin gatari ya yi ja, aka tsoma shi cikin ruwa, nan take zai taurara. Wannan dabara ce wani Bajamushe, Alfred Wilm, ya gwada a kan alminiyam, watau sanholo, kusa da birnin Barlin cikin 1906. Ya garwaya shi da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin ɗari da ɗan maganiziyam, ya gasa shi da zafin wajen digiri 500, ya tsoma a ruwa. Da aka auna ran Asabar, taurinsa bai taka kara ya karya ba. Ran Litinin aka sake aunawa, sai ga shi ya taurara, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Ba da jimawa ba aka shiga sayar da shi da sunan Duralumin. Ga tauri ga rashin nauyi, don haka da shi aka ƙera jirgin sama na Junkers F 13 cikin 1919. Mutane suna ta shawagi a kansa, amma ba wanda ya ga abin da ke ƙarfafa shi.

A wannan shekara Merica da abokansa biyu a Amurka suka kawo bayani. Alminiyam mai zafi yana shanye jan ƙarfe da yawa, kamar yadda shayi mai zafi ke shanye sukari. Tsomawa a ruwa kan kulle shi a ciki, sannan ya riƙa taruwa sannu a hankali. Sai 1938 Guinier a Faransa da Preston a Ingila, kowa daban, suka gano tarin da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi: faifai ne ƙanana, kaurinsu ƙwayar zarra ɗaya tak.

To, ina ruwan faifan da tauri? Ƙwayoyin ƙarfe jere suke sahu-sahu. Ƙarfe kan lanƙwashe ne idan wata tangarɗa ta bi sahun tana gusawa, kamar tattarar tabarma da ake turawa da ƙafa har ta fita ta gefe. Faifan nan su ne turakun da ke tare ta. Amma in aka daɗe ana gasawa, sai su haɗe su yi girma, tazara ta buɗe, ƙarfe ya koma laushi.

Wilm ya rasu cikin 1937, saura shekara guda a ga abin da ya tsinta. Allah Sarki, wani ya yi shuka, wani ya ga tsiro.