Sojan gona a fagen wasanni: Ire-irensu da yadda ake gano su

A harkar wasanni, sojan gona shi ne wanda ya shiga fili ko gasa da suna, ko kama, ko matsayin da ba nasa ba. Ya bambanta da ɗan kallon da ke tsallake shinge. Shi ta ƙofa yake shiga, masu tsaro na kallonsa, domin shigarsa ko shaidar da wani ya bayar a kansa ta sa ba a tambaye shi takarda ba.

Masu neman suna

A watan Afrilun 2001, wani Baturen Ingila mai suna Karl Power ya sa cikakken kayan Manchester United, ya tsaya cikin hoton 'yan wasan ƙungiyar a birnin Munich gab da karawarsu da Bayern Munich a gasar zakarun Turai. A 2002 kuma ɗan barkwancin Faransa Rémi Gaillard ya saje da 'yan wasan Lorient bayan sun ɗauki Kofin Faransa, har ya gaisa da Shugaba Jacques Chirac. Irin waɗannan ba sa sauya sakamako, amma suna tona raunin tsaro.

Masu shiga wasan da kansu

A Nuwamban 1996, wani ya buga wa kocin Southampton, Graeme Souness, waya yana cewa shi ne George Weah, ya yaba masa wani ɗan Senegal mai suna Ali Dia. Ƙungiyar ta ɗauke shi, ya buga minti 53 a wasansu da Leeds kafin a fitar da shi, ba da jimawa ba aka sallame shi. Weah ya ce bai san shi ba.

A tseren Comrades na Afirka ta Kudu na 1999, Sergio Motsoeneng da ɗan'uwansa sun riƙa karɓar juna a hanya da lamba ɗaya. Hotuna ne suka tona su, domin agogon ɗaya na hannun dama, na ɗayan kuwa na hagu.

Tawagar bogi

Ranar 7 ga Satumban 2010, Bahrain ta ci wata tawaga mai kiran kanta ta ƙasar Togo 3-0 a wasan sada zumunta. Hukumar ƙwallon ƙafar Togo ta ce ba ta tura kowa ba, ta kuma dakatar da tsohon koci Tchanilé Bana na shekara 3. Daga baya an danganta shirya wasan da Wilson Raj Perumal, ɗan Singapore da ya yi ƙaurin suna wajen sayen wasanni saboda caca.

A gasar nakasassu ta Sydney a 2000, an gano cewa 10 cikin 'yan ƙwallon kwandon Sifaniya 12 ba su da larurar ƙwaƙwalwar da suka yi iƙirari, aka karɓe lambar zinarensu.

Najeriya

A gida, matsalar ta fi fitowa ta hanyar rage shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya na shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa 3 da suka je Olamfik ta 1988. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009 FIFA ta yi amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu. A 2016 'yan Golden Eaglets 26 sun faɗi wannan gwaji, Nijar kuma ta fitar da Najeriya daga wasannin neman gurbin gasar Afirka.

An ga wata damfarar mai kama da wannan a Yulin 2013, lokacin da Plateau United Feeders ta ci Akurba FC 79-0 a wasan neman hawa rukuni na gaba. A nan 'yan wasan na gaske ne, wasan ne na bogi. Hukumar NFF ta haramta wa masu hannu a ciki harkar ƙwallo har abada.

Matakan kariya

Manyan gasanni na raba katin shaida mai hoto wanda ke ƙayyade inda kowa zai iya shiga, tseren dogon zango kuma na amfani da 'yar na'urar da ke rubuta lokacin wucewar ɗan tsere a kowane zango. A gasar NPFL, har da wasannin Nasarawa United a filin wasa na Lafiya, jami'ai na duba lasisin kowane ɗan wasa kafin a take leda. Waɗannan matakai na aiki ne muddin mai tsaron ƙofa ya haɗa hoto da fuska, ko da mai katin na sanye da rigar ƙungiya.