Marjory Warren: Likitar da ta Tayar da Tsofaffi Daga Kwance

Tarihinmu na wannan makon daga Ingila yake.

A shekarar 1935, asibitin West Middlesex da ke yammacin Landan ya karɓi ragamar wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi. Aka danƙa wa Dakta Marjory Warren majinyata 714, akasarinsu tsofaffi. A wancan zamani likitoci ba sa ɓata lokaci a kan irin waɗannan. Da zarar an ce "tsufa ne", magana ta ƙare: a kwantar da mutum, a ba shi abinci, a jira ajali.

Ita kuwa sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ta tarar da yawansu suna ɗauke da cutar da ba a taɓa bincika ba, kuma doguwar kwanciyar ce ta ƙarasa su: gaɓoɓi sun sandare, ƙarfi ya zube, gyambo ya ci baya. Sai ta rarraba su gwargwadon larurarsu, ta sa aka sake fentin ɗakuna, aka ƙara haske. Ta dage cewa duk mai iya tashi ya tashi. Masu shanyewar ɓarin jiki aka shiga koya musu tafiya da cin abinci da hannunsu. Mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe, wasu har suka bar asibiti.

Ba ta tsaya nan ba, ta rubuta abin da ta gani. A 1943 cikin mujallar British Medical Journal, da 1946 cikin Lancet, ta nemi a mai da kula da tsofaffi fanni mai zaman kansa, a buɗe masa sashe a manyan asibitoci, a koyar da shi ga ɗaliban likitanci. A 1947 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira British Geriatrics Society. Ta rasu a 1960, a haɗarin mota a Faransa.

Don haka, ranar da wani dattijo a gida ya daina fitowa zaure aka ce tsufa ne, mu yi tambayar da Warren ta yi: an duba shi kuwa?